Yadda na kai Hajiya Umara a keken marasa lafiya

Duk wanda zai raka tsoho ko mara lafiya filin jirgin sama, shawarata ta farko ita ce ya nemi keke tun ranar da ya yanki tikiti, kada ya bari sai an je wajen awon kaya. Kyauta ne, kamfanin jirgi ba ya karɓar ko sisi a kansa, amma yawancinsu suna so a sanar da su aƙalla awa 48 kafin tashi. Na san haka ne sanadin raka mahaifiyarmu Umara, tana fama da ciwon gwiwa, ga hawan jini.

Kafin in kai ga kamfanin jirgi sai da na sha fama da Hajiya kanta. Da na kawo maganar keke, cewa ta yi: "Ni da ƙafafuna za a riƙa tura ni kamar kaya? A gaban Ɗakin Allah ma? Allah Ya sawwaƙe." Ban ga laifinta ba. A gida tana dogara sanda ta shiga maƙwabta barka da ta'aziyya, don haka a ganinta lafiyarta ƙalau. Abin da ba ta lissafa ba shi ne nisan da ke tsakanin wajen awon kaya da ƙofar jirgi, da tsayuwar layi a gaban jami'an shige da fice. Mai ciwon gwiwa kuwa tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya gajiyar da shi. Malamar Islamiyyarsu ce ta raba gardamar. Ta tuna mata cewa Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya ga Manzon Allah (SAW), ya umarce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane, kuma shi kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah Ya kai mu."

Cewa "muna son keke" kaɗai ba ta wadatar ba. Kamfanonin jirage na duniya suna da alamomi uku da suke sakawa a bayanan fasinja. WCHR na wanda zai iya hawa matakala ya taka zuwa kujerarsa, doguwar tafiya ce kawai ba ya iyawa. WCHS na wanda ba ya iya hawa ko sauka daga matakala, amma zai iya takawa a cikin jirgi. WCHC na wanda ba ya iya takawa sam, sai an ɗora shi a wani siririn keke da ke wucewa tsakanin kujeru. Ejan ɗin da ya yankar mana tikiti WCHR ya saka, wadda aka fi sabawa da ita, bai tambayi yanayin Hajiya ba.

A Kano komai ya tafi daidai. Wani saurayi ya zo da keke, ya durƙusa ya gaishe ta, ya gyara mata ƙafafu a mataki, ya ce, "Hajiya, ki tattare bakin hijabin kada taya ta kama shi." Ya bi da mu ta layin masu buƙata ta musamman, mace ce ta caje ta tana zaune, kuma mu aka fara shigarwa.

A Addis Ababa, inda muka yada zango, aka ga bambancin harafi ɗaya. Jirgin ya tsaya nesa da gini, aka jingina matakala, motar fasinja tana jira a ƙasa. Mai tura keke yana ƙasa, Hajiya tana sama. Ga sanyin dare, ga shi garin yana kan tudu fiye da mita 2,300, numfashin tsoho yana yin sama-sama da ɗan motsi kaɗan. Ta riƙe ƙarfen ƙofa ta leƙa, na ga hannunta yana rawa. Ta ce, "Bari in gwada." Na ce, "A'a Hajiya, ki zauna, akwai dabara." Ma'aikaciyar jirgin ta kira wata mota mai ɗaga ɗaki guda har ƙofar jirgi ta ɗaya gefen, aka tura Hajiya ciki, aka sauke mu a hankali. Da a ce WCHS aka rubuta, da motar tana nan tun kafin mu sauka. Mun jira ta har jirgi ya zama ba kowa sai mu da masu shara. Da muka shiga gini, kai tsaye na nufi teburin kamfanin aka canza alamar a duk sauran zangon tafiyar, har da na dawowa, don kowane zango da nasa bayanin.

Shi ya sa nake cewa mai tafiya da tsoho kada ya yarda da tikitin da tazarar canjin jirginsa gajera ce, ko da ya fi araha. Mai keke shi ake fara shigarwa, amma shi ne na ƙarshen fita. Awa uku ba ta yi yawa ba.

Akwai kuma abin da ba aikinsu ba ne. Ma'aikatan jirgi ba sa ɗaga fasinja, ba sa ba shi magani ko abinci a baki, ba sa shiga banɗaki da shi. Wannan na ɗan rakiya ne. Na zaɓar mata kujerar bakin hanya kusa da banɗaki (ba a zaunar da mai keke a layin ƙofar gaggawa), maganinta kuma yana jakar hannuna. Abin da ya fi damuna shi ne Hajiya ta ƙi shan ruwa don kada ta tashe ni. Tsofaffinmu da kunya da kara suna yin haka, kuma illa ce ga mai hawan jini. Sai da na ce mata ni ma zan zagaya, mu tafi tare, sannan ta karɓi kofi. Haka nan mai tura keke yakan ajiye ku a ƙofar shiga ya tafi wajen wani, don haka ka je ka nuna kanka ga ma'aikatan ƙofar su san kuna nan. Yi wa masu tura keke ihsani ba dole ba ne. Ni dai na bayar saboda sun kyautata mata, amma babu mai haƙƙin gindaya maka kuɗi kafin ya tura.

Keken filin jirgi iyakarsa bakin mota. A Jidda muna fita aka karɓe abinsu. Ƙanina da ke Ingila ya taɓa kai surukarsa yawon jirgin ruwa daga Southampton, ya ce can ma haka ne: ma'aikatan tashar ruwa za su tura mutum ya shiga jirgi, su fito da shi ranar dawowa, amma zirga-zirgar cikin jirgi sai da kekenka. A tashar da babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa kuwa, sai an shiga ƙaramin jirgi, wanda ba ya iya taka 'yan matakai yakan haƙura da sauka.

Da wannan a raina, muna isa Makka na shiga kantin magani na sayi keke mai naɗewa. A Harami akwai kekuna na aro kyauta da masu turawa na haya masu izini, amma daga masauki zuwa masallaci naka ne zai fisshe ka. A bene muka yi ɗawafi, inda zagayen ya fi na ƙasa tsawo sosai, sannan Safa da Marwa, kusan kilomita 3, a layin da aka ware wa kekuna. Kafaɗuna sun ji a jikinsu, amma ita ba ta rasa kewaye ko ɗaya ba, carbinta a hannu. Zuwa Madina jirgin ƙasa na Haramain muka hau, wanda aka buɗe a 2018. Kilomita 450 ne cikin kusan awa biyu da rabi, kuma har bakin kujera na tura ta.

A dawowa ba a caje mu kuɗin keken ba, ba a kuma lissafa shi cikin awon kaya ba. Sun manna masa takarda, ta zauna a kai har ƙofar jirgi. Kafin in miƙa shi na ɗauki hotonsa a waya, na cire matashin da matakan ƙafa na shiga da su, don su ne suka fi ɓata. Mai keken lantarki dole ya faɗi irin batirinsa tun da wuri. Sannan ka tambaya tun kafin tashi inda za a dawo maka da keken, a ƙofar jirgi ko wajen ɗaukar kaya. Namu a wajen manyan kaya ya fito, kusa da jarkokin zamzam.