Bayanin kayan aikin AI: ta ina ake gane mai kyau?

Wakilin AI, wato AI ɗin da ake haɗa wa kayan aiki (ƙananan manhajoji da yake kira su yi masa wani aiki), ba ya ganin cikin manhajar da ka rubuta. Wannan nake fara faɗa wa duk wanda ya kawo mini aikinsa in duba. Abu uku ne ke isa gabansa: sunan kayan aikin, 'yan jimlolin da ka rubuta na bayaninsa, da guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'idar fayyace irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a Yunin 2023. Da kamfanin Anthropic ya kawo MCP, wata ƙa'idar bai-ɗaya ta jona AI da kayan aiki, a Nuwamban 2024, haɗa kayan aiki da wakili ya yi sauƙi, amma har yanzu da waɗannan 'yan kalmomi yake yanke shawarar wanne zai ɗauka, yaushe, da me zai zuba a ciki.

Ni da wani ƙanina muna haɗa wa wani dillalin hatsi a nan Katsina mataimaki na WhatsApp, mai amsa wa abokan ciniki idan maigida yana kasuwa. Ga abin da ƙanin nawa ya rubuta wa kayan duba farashi: "Yana kawo farashin hatsi." Shi ke nan. Farashin buhu ko na tiya? Na Dandume ko na Mai'adua, inda ake ciniki da naira da sefa? Na yau, ko na ranar kasuwar da ta wuce? Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, ai kowa ya san da buhu ake sari." Gaskiyarsa, kowa a Katsina ya sani. Amma wakili kamar yaron shago ne da aka kawo yau daga wani gari: kansa na ja, sai dai bai san al'adar gidan ba, kuma ba abin da aka bar masa sai 'yar takarda. Abin da ba ya cikin takardar, cankarsa zai yi, ya kuma faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Wata mata ta tambayi kuɗin tiyar gero a gwaji, ya ba ta na buhu.

Shi ya sa ba na auna bayani da karanta shi kawai. Wanda ya rubuta ba zai ga giɓin ba, domin kansa na cike masa shi. Abin da nake yi, in tattaro saƙonnin da mutane suka turo da gaske, da kurakuransu da gajarce-gajarcensu, irin su "akwai masara?" ko "nawa wake ynz", in jefa wa wakilin, sannan in zauna in bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya: wane kayan aiki ya kira, me ya cike a kowane gurbi. Idan ya kauce, jimla ɗaya nake gyarawa, in sake jefa masa tambayoyin nan dai. In ka canja abu biyar lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Inda na fi daɗewa shi ne tambayoyin da bai kamata ya taɓa komai ba. Mutum ya yi sallama ya tambayi lafiyar Alhaji, ko ya ce gero ya yi tsada bana, hira kawai yake yi. Bayani mai rauni kan sa wakili ya ruga duba sito. Bayani mai kyau yana faɗin lokacin amfani da kayan, yana kuma faɗin lokacin barinsa, musamman idan akwai guda biyu masu kama, kamar na farashi da na yawan kayan da suka rage. Masu bincike a Jami'ar Berkeley ta Amurka suna da jadawalin gwada ƙwarewar manhajojin AI wajen kiran kayan aiki, har da gane lokacin da babu wanda ya dace. Yana da amfani, amma ita manhajar AI ɗin yake aunawa. Bayaninka kai ne za ka auna shi da mutanenka.

Wasu na tsoron tsawaitawa, domin kowace kalma tana cin wuri a ƙwaƙwalwar wakili, kuma da dala ake biya. Na fahimta. Amma a wajen kayan da ke canja wani abu, kamar rubuta bashi a littafin maigida, ba na yarda da tsuke baki. Dole bayanin ya ce wannan yana rubutawa ne, ba dubawa ba, kuma a tabbatar da suna da adadi kafin a kira shi. Haƙƙin mutane ne a ciki.

Kayan aikin da wani ya rubuta kuwa, ba na haɗa shi sai na karanta bayaninsa kaf. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin irin wannan bayani, wanda mai amfani ba ya gani amma wakili na karantawa ya bi, har ya fitar da bayanan sirri. A wajenmu, wannan na nufin lambobin wayar abokan cinikin Alhaji da jerin masu bashinsa.