Minti 30 na murya

Mu huɗu ne a ɗan kamfaninmu a Kano, sana'armu kuwa sa kwamfuta ta karanta rubutu da muryar wani takamaiman mutum. Masu kawo mana aiki yawanci ƙungiyoyin lafiya ne da ke tura saƙon murya ta waya, sai 'yan talla. Kowa da muryar da yake so, amma ba mai iya tara mana awa 24 na murya irin ta LJSpeech, tarin karatun da ake horar da injinan Turanci da shi. Minti 30 muke samu, in an yi sa'a awa guda.

Shi ya sa ba ma farawa daga tushe. Mukan ɗauko injin VITS, mai mayar da rubutu murya, da muka riga muka koya wa Hausa da BibleTTS, tarin karatun Littafi Mai Tsarki da ya fito a 2022 mai sama da awa 80 na Hausa, mu ɗora masa sabuwar murya. A nan sai da lura. In horon ya yi tsawo a kan ɗan abin nan, haddace jimlolin zai yi, ka ba shi sabuwa ya kama in'ina.

Tun da Microsoft ta sanar da VALL-E a 2023, mai kwaikwayon murya daga daƙiƙa 3, ake tambayata me ya sa muke wahalar da mutane. Amon murya yana kamuwa da wuri, gaskiya ne. Karin sauti da tsawon wasali ne ba sa kamuwa, ga shi rubutunmu ba ya nuna su. Na taɓa jin injinmu ya karanta "miyar kuka" da karin kukan hawaye, raina ya ɓaci ƙwarai, don wata baiwar Allah ce ta ba mu amanar muryarta.

Daga ranar nake zaɓen jimlolin ɗaukar murya da hannuna, kowace da aikinta: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, tambaya, lambobi, da kalmomi irin su gari da fari masu fuska biyu. Muna ɗauka da sassafe kafin maƙwabta su tayar da janareta. A kashe fanka, a ajiye ruwan ɗumi kusa, musamman da hunturu da maƙogwaro ke bushewa. Ana zufa, amma dole.

Kafin a kunna makirufo, mai muryar zai sa hannu a takardar da ta fayyace inda za a yi amfani da ita. Sau biyu ana kawo mana wa'azin wani malami daga intanet a ce mu kwaikwaya, duka biyun na mayar da kuɗin.