Tsohuwar bindigar iska da man injin da na zuba mata

Ranar da bindigata ta yi tsawa irin ta bindigar tokar mafarautan garinmu, har da hayaƙi ta baki, murna na yi. Ɗigo biyu na man inji na zuba ta 'yar kafar da iska ke bi, sai ga ta tana ruri. Dattijon da nake taya aiki ranar Asabar, lokacin ina karatun injiniya a Birmingham, ko ɗago kai bai yi ba. Shaƙar warin kawai ya yi, ya ce in ajiye ta in miƙo masa na'urar awon gudun harsashi.

Tsohuwar bindigar iska ce ƙirar kamfanin BSA na Ingila, irin wadda ake karyawa a tsakiya kafin a ɗana. Babu albarushi a cikinta. In ka karya ta, sifirin ka matse, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke cikinta. In ka ja kunama, sifirin ya tunkuɗa fistin, fistin ya danne iskar da ke gabansa kafin ƙiftawar ido, iskar ta kori 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. To iskar da aka danne da irin wannan sauri zafi take yi, zafin da ya isa ya kunna mai, kamar dai yadda injin dizal ke tashi ba fulogi. Abin kunyar, wannan darasi na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma da ya zo hannuna ban shaida shi ba.

Harbi biyar muka yi ta cikin na'urar, kowanne da nasa gudun. Nan ya tuna mini cewa a Ingila, bindigar iska da ƙarfinta ya haura kimanin jul 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbin) sai da lasin na 'yan sanda, kuma doka ba ruwanta da cewa ɗigon mai ne ya tsallaka da kai. A Jamus ma iyakar jul 7.5 ce, shi ya sa ake buga wa bindigogin da ba su haura ta ba harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar.

Da muka kwance ta, robar kan fistin ta ƙone ta gefe ɗaya. Kwancewar ma ba wasa ba ce, don sifirin yana nan a ɗan matse ko ba a ɗana ba. Shi da matsi na musamman yake sassauta shi a hankali, bai taɓa bari na sa fuska a saitinsa ba.

Duk da haka ban daddara ba. Na ce, "Maigida, tunda mun buɗe ta, me zai hana mu sa mata sifirin mai kauri?" Ya ce in sa. Na sa kuwa, ɗanawa ta koma sai da nishi, gudun ƙwaya ɗan kaɗan ya ƙaru, amma ramukan da ke jikin takardar da nake harbi suka warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Dalili a fili yake in an natsu: iskar da silinda ke iya ɗauka ba ta ƙaru ba, saboda haka rarar ƙarfin a jikin bindigar take ƙarewa, fistin ya doki bango, komai ya girgiza. Kuma duk wannan jijjiga tana faruwa ne ƙwaya ba ta gama fita daga bututu ba.

Gyaran da ya yi mata daga baya ba abin da za ka ɗauka hoto ka nuna wa abokai ba ne. Ya mayar da sifirin daidai da na asali. Ya goge kaifin ramukan jikin silinda don kada su yanki sabuwar roba. Ya sassaƙa sandar da ke shiga cikin sifirin ta cika shi cif, yadda ba zai samu wurin rawa ba, ya shafa baƙin giris kaɗan ƙwarai a bayan roba, bai bar ko ɗis a gabanta ba. Sai ya ɗaure kusoshin ƙota, waɗanda ashe biyu sun kwance tun tuni ban lura ba. Da na harba, ƙarar "ƙirrr" ɗin nan ta ɓace, sai "tup" guda ɗaya.

Saura kuma ni. Riƙon da nake mata na mai tsoron a ƙwace ne, na danna ta a kafaɗa da ƙarfi. Irin wannan bindiga baya take fara zabura sannan gaba, abin da ke kashe madubin saiti in ba don ita aka ƙera shi ba. Ya ce in ɗora ta a buɗaɗɗen tafin hannu, wuri ɗaya kullum, in bar ta ta yi motsinta. Wannan ya ɗauke ni makonni, ya fi duk aikin ƙarfen wuya.

Ƙwayoyin dalma ma da zaɓi. Gwangwani huɗu muka gwada, duk awo ɗaya a rubuce, amma na gwangwani ɗaya kawai bututun nan ya karɓa. Masu sauƙin nauyi da na fi so saboda sun fi gudu, su suka fi kauce wa wuri.

A ƙarshen wata na uku na jera harbi biyar a mita 10, ramukan suka haɗe wuri ɗaya. Na kai masa takardar ina washe baki. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya buɗe littafinsa ya nuna mini inda ya cire kuɗin robar da na ƙona daga ladana.