Ɗan aji shida ba magidanci ba ne

Jiya a Kurna wata ƙawata ta nuna min saƙon tsohon mijinta: wai ɗansu ya cika shekara 18, don haka ya daina turo kuɗin ciyarwa. Yaron nan fa yana ajin ƙarshe na sakandare, ga kuɗin WAEC da NECO, ga na adaidaita sahu kullum. Wallahi abin ya tsaya min a rai. A Kano yara da yawa sai sun yi nisa a makarantar allo suke shiga boko, dole shekaru su riga su. Don Allah iyaye maza, ku ci gaba da biya har su rubuta jarrabawar ƙarshe. Ɗan ɗinkin da uwar take yi a gida ba zai ɗauki wannan nauyin ba.