Wasiƙa daga Hirosaki: Tsumman da Ya Hau Bango

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida, musamman mata masu riƙe allura da teloli abokan sana'a. Ina gajiya, ina hidima? Mu nan arewacin Japan sai godiya, ko da yake sanyin garin nan ba ya jin magana. Hirosaki gari ne na tuffa da dusar ƙanƙara a lardin Aomori, kuma wannan sanyin shi ya haifi ɗinkin da nake son ba ku labarinsa.

Duk mai leƙa Instagram ta taɓa cin karo da shi ko ba ta san sunansa ba: shuɗin ƙyalle mai duhu, an bi shi da farin zare, ɗinki ƙanana a jere, sun tashi zanen igiyar ruwa ko ganye mai kusurwa shida. Sashiko ke nan. A Amurka da Ingila mata na yin barguna da shi, suna rataya wasu a bangon falo, har kantuna na sayar da yadin da aka riga aka buga zanen a kai, ke dai kawai ki bi layi. Ba laifi, abin yana da kyau. Amma wadda ta san shi ta nan kaɗai, ado ta gani, ba ta ga dalilin ba.

Auduga ba ta yi a wannan yanki saboda sanyi. Manoman da, tufafinsu na zaren wani tsiro ne mai kama da ramarmu, saƙarsa sakwa-sakwa, iska na ratsa ta yadda ta ga dama. Ƙari a kan haka, a 1724 masu mulkin Tsugaru, wato wannan yanki na Hirosaki, suka kafa dokar tsimi da ta hana talakan ƙauye sa auduga. To me uwa za ta yi da ɗan da ke makyarkyata? Sai ta ɗauki allura ta riƙa cike kofofin saƙar da zare, layi bayan layi, har rigar ta yi kauri, kafaɗa ta daina cinyewa a ƙarƙashin kaya. Wannan salon na nan garin shi ake kira kogin, kuma lissafi ne zalla: a tsallake zare 1, ko 3, ko 5, ko 7, kullum mara, ba cika ba. Can gabashin lardin, matan Nanbu 2, 4, 6 suke ƙirgawa, shi ya sa nasu zanen yake fitowa a kwance. Yarinya tun tana 'yar shekara biyar ko shida ake miƙa mata allura, kafin aure ta tara rigunan da za ta tafi da su gidan miji.

Wadda ma ba ta da wannan halin, faci take yi a kan faci. Jiragen ruwan fatake kan kawo tsofaffin ƙyallayen auduga daga wajen Osaka, a saya, a jera, a ɗinke. Mayafi guda sai ya wuce daga kaka zuwa jika, kowa da facin da ta ƙara, har ya yi nauyin da yaro ba ya iya ɗagawa. Boro suke ce masa, kuma masu shi kunyarsa suke ji. Da jirgin ƙasa ya iso Hirosaki a 1894, yadi ya yi araha, aka yi watsi da kogin, boro kuwa daga baya aka ƙona da yawa. Ba don wani masani ɗan Japan, Yanagi Soetsu, da mutanensa sun tashi yabon aikin hannun talaka a shekarun 1930 ba, da kuma wani ɗan Aomori, Tanaka Chuzaburo, da ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana tara tsummokaran da mutane ke ɓoyewa, da labarin ya mutu. Tarinsa ya zauna a wani gidan tarihi a unguwar Asakusa ta Tokyo daga 2009 zuwa 2019. Yau abin da aka yi gudun baƙo ya gani, dillalan kayan tarihi ke rububinsa.

Bari in gaya muku yadda hannun ke tafiya, don a nan na fi ƙaruwa. Wata dattijuwa a unguwarmu, da ke haɗa mu ɗinki a ɗakin taron unguwa, ba ta soka allura ta zare ɗaya-ɗaya irin yadda muka saba. Allurar doguwa ce, gindinta na jingine da wani zobe mai ɗan faranti da take sawa a tushen yatsanta na tsakiya, ta cikin tafi. Allurar kusan a tsaye take wuri guda. Ƙyallen take lanƙwasawa sama da ƙasa da hannun hagu har ya tattare a jikinta, sannan ta tura da tafin hannu, ta shafe ƙyallen da babban yatsa don kada ya tsuke. Kowane ɗinki kamar ƙwayar shinkafa, na sama ya ɗan ɗara na ƙasa tsawo. Inda layuka suka haɗu ba ta yarda zare ya hau zare, sai ta bar ɗan fili a tsakiya. Ƙulli ma ba ta yi, komawa take ta kan ɗinkin baya ta ɓoye bakin zaren. In ta karɓi aikin ɗaya daga cikinmu, bayansa take fara juyawa, ta yi shiru. Wannan shirun ya fi faɗa zafi.

Bargon zamani kuwa hawa uku ne: fuska, auduga a tsakiya, da shafi a baya. Wannan tsari daga Amurka ya shigo, Japanawa suka zuba masa rininsu da tsofaffin kimono, wato rigunansu na gargajiya, da haƙurinsu, har ya kai ana cika babban filin wasa na Tokyo Dome da baje kolinsa duk watan Janairu daga 2002 zuwa 2020.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shuɗin. Ranar da na fara shinshina ƙyallen da aka rina da baban da ake nomawa a lardin Tokushima na nan Japan, Ƙofar Mata ce ta faɗo mini a rai. Tsiron ba ɗaya ba ne, amma toka ce da ruɓarwa da tsomawa da fitarwa iska ta sha, yadda marinanmu ke yi a karofi. Muna da rinin, muna da hannun da ke zama wata guda a kan hula ɗaya, muna da masu aska takwas a Zariya, ga ƙyallayen shadda da atamfa da ake sharewa daga shagunan teloli a buhu a kai juji. Abin da ba mu yi ba shi ne haɗa su wuri guda.

Ni a ganina kwafar igiyar ruwan Japan ɓata allura ne. Wanda ke son ta, zai saya wajen masu ita. Tambari da dagi da askar babbar riga, da zanen da ke jikin bangon tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, su ya kamata su hau farin zare a kan shuɗi. Ɗakin amarya da ake cika wa bango da hotunan roba na kanti ya fi cancantar irin wannan, kuma bargon faci mai shafi zai yi amfani a hunturun Jos da Funtuwa.

Mai son gwadawa ta fara da ɗan abu, kamar rigar matashi ko abin shimfiɗar faranti. Ta nemi saƙi ko yadin auduga mara santsi, don shadda mai sitati tana gardama da allura, sannan abawa mai kauri wadda ba ta ƙyalli. Ta zana layin da alli ko guntun sabulu. Kuma don Allah ta wanke rinannen ƙyallen, ta sake wankewa har ruwan ya fito garau kafin ta soka allura, in ba haka ba wankin farko zai mayar da farin zaren toka-toka.

A gaida mutan gida, manya da yara.

'Yar'uwarku a Hirosaki