Littafin harbina, wata na takwas: harsasai huɗu a kan takarda, iskar hunturu a gona

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da sanyi. Hunturu ya sauka sosai a Daura, da safe hazo yakan rufe hanyar Zango har ba ka hango rimin da ke bakin gonarmu. Wata takwas ke nan da na buɗe littafin nan, kuma tun kafin kaka na yi muku alkawarin gama auna harsasai huɗun da muke ta musu a kan wanne ya fi a cikinsu: .243 Winchester, .270 Winchester, 6.5 Creedmoor da .308 Winchester. Na gama, ga abin da na samu.

Ga wanda ya shigo cikinmu kwanan nan, aikina a kan manyan nan a takarda yake, da biro da kalkuletar waya. Abin da nake riƙewa a hannu bindigar iska ce mai bakin milimita 4.5, da lasisinta, da ita nake harbin kwali a gona. In na gama lissafi sai in kai wa Kawu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farauta da adaka a dajin Baure, ya duba min da idon wanda ya san dawa.

Sunayen ne suka fara ba ni wahala. Na ɗauka lambar ita ce kaurin harsashin daidai, ashe ba haka ba ne. Dalmar .308 kaurinta milimita 7.8 ne, amma soja suna kiran ɗan'uwansa 7.62, domin su faɗin ramin bututun suka auna kafin a yanka masa tsagin da ke murɗa harsashi. Na 6.5 a zahiri 6.7 ne, na .270 ya kai milimita 7, na .243 kuma 6.2. Sannan 7.62 ɗin ma ba ɗaya ba ne. Akwai 7.62×51, akwai 7.62×39 na AK-47, kuma lamba ta biyun tsawon kwanso ce. Kwanson da ya fi tsawo ya fi cin albarushi, don haka kada wanda ya haɗa su a lissafi.

Da na bi asalinsu sai na ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin Winchester na Amurka ya fito da .308 a 1952, ƙungiyar NATO ta karɓi na sojansa a 1954. A 1955 aka matse wa kwanson nan wuya ya koma .243. Haka kamfanin Remington ya yi da shi ya fitar da 7mm-08 a 1980 da .260 a 1997. Shi .270 dattijo ne, tun 1925 yake, daga zuriyar wani tsohon harsashi, .30-06, ya fito, kwansonsa ya kusa milimita 65, shi ya sa bindigarsa take bukatar doguwar ma'ajiya. Auta a cikinsu shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007 musamman don masu gasar harbin nesa. Kaurin 6.5 ɗin kuwa ba sabo ba ne, mutanen Suwidin da Norwe suna da 6.5×55 tun 1894.

Yanzu lissafin. Nauyin dalma da giren ake faɗinsa, giren ɗaya kusan giram 0.065. Ƙarfin harsashi a bakin bindiga kuwa rabin nauyinsa ne a kilogiram, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Na ɗauki nauyin da aka fi sayarwa a kowanne. .308 mai giren 150, wato giram 9.7, yana fita da gudun kusan mita 860 a daƙiƙa, ya ba ni jul 3,600, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin. .270 mai giren 130 ya fi shi sauƙi amma ya fi shi gudu, kusan mita 930, shi ma ya tsaya wajen jul 3,600 da 'yan kai. Creedmoor mai giren 140 a gudun kusan 825 ya ba da 3,100. .243 mai giren 100 a gudun 900 ya ba da 2,600. Ku gwada da kanku, minti biyar ya isa, kuma za ku ga yadda gudu yake rinjayar nauyi tunda sau biyu yake shiga lissafin.

Na zagaye .270 da .308 da jan biro tunda su suka fi ƙarfi, na ɗauki littafin na nufi zauren Kawu bayan la'asar. Yana zaune a buzunsa yana gyaran igiyar rijiya. Na karanta masa lambobin duka. Bai ɗago kai ba sai da na gama, sannan ya ce, "To ɗana, wannan ƙarfin a bakin bindiga ne. Naman a bakin bindiga yake tsayawa?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "In ya yi tafiya fa, iska ta gaisa da shi, me ya rage?"

Tambayar nan ita ta cinye min sauran watan, kuma a nan ne Creedmoor ya fara ba ni sha'awa. Ku ɗauki dalma biyu masu nauyi kusan ɗaya, ɗaya gajera mai kauri, ɗaya doguwa siririya. Mai kaurin tana ture iska da faffaɗan goshi, gudunta yana saurin zubewa. Siririyar tana ratsawa kamar allura a cikin ƙyalle, ta daɗe da gudunta. Giren 140 a kaurin milimita 6.7 ya fi giren 150 a kaurin 7.8 tsawo da siranta, shi ya sa Creedmoor yake fita a baya amma in tafiya ta yi nisa sai ya kamo .308, kuma iskar gefe ba ta kautar da shi kamar yadda take kautar da wancan. Sai dai doguwar dalma tana son a murɗa ta da sauri, in ba haka ba ta wuntsila a hanya. Duk wanda ya ga tsohuwa tana kaɗi ya san mazari ba ya tsayuwa sai yana juyawa. Bututun Creedmoor yakan juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 8, kusan santimita 20, na .308 kuwa galibi a inci 10 zuwa 12.

Amma ga abin da ya sanyaya min gwiwa game da dukan gardamarmu: fifikon nan sai a nesa yake bayyana, can bayan mita 400 ko 500. Daga bakin bindiga zuwa mita 300 huɗun nan suna tafiya kusa da juna, bambancinsu bai kai kuskuren da hannun mai koyo yake yi ba. Mun shafe watanni muna ja-in-ja a kan tazarar da babu ɗayanmu da zai iya riƙe saiti a cikinta.

Na tabbatar da haka da 'yar bindigar iskata. Ranar Asabar da hantsi na kafa kwali a mita 25 a gefen gona, bayansa tudun ƙasa ne, babu hanya babu dabbobi. Na yagi wani tsohon ƙyallen atamfa na ɗaura a kan kara a tsakiyar tazarar. Iskar tana zuwa daga arewa maso gabas, ta hannun damana. In ƙyallen ya kwanta, dalma tana faɗawa kusa da ɗigon da na yi da gawayi. In ya tashi yana kaɗawa, sai in tarar da hujin ya koma hagu da faɗin yatsu biyu ko uku, alhali saitina bai motsa ba. 'Yar dalmar nan rabin giram ce kawai, don haka abin da iska take yi wa babban harsashi a ɗaruruwan mitoci, ita a mita 25 take nuna min shi. Ban taɓa fahimtar shafukan iska da na karanta ba sai ranar.

Batun shuri ma a can na koye shi. Bindiga tana doka kafaɗa gwargwadon nauyin dalma da albarushin da ta tura, don haka .243 ya fi kowa sauƙi, Creedmoor yana biye, .308 da .270 suka fi duka. Da na ɗauka wannan maganar ragwaye ce. Sai ƙanena ya ɗauke ni bidiyo da waya, na ga ina runtse ido ina fizgar kunama tun kafin harbin ya tashi, a kan bindigar da ba ta da wani shurin kirki. Sati uku na yi ina gyara abu ɗaya tak: in saki rabin numfashi, in matsa kunama a hankali, in bar idona a buɗe a kan kwalin har dalma ta sauka. A mita 10 harbi biyar da suke bazuwa kamar tafin hannu yanzu murfin kwalbar lemo yana rufe su. Wanda jikinsa yake tsoron bindigarsa ba zai ci amfanin jul 3,600 ba.

A wajen farauta Kawu ya ƙi yarda da karin maganar da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Ya ce wanda ya faɗe ta bai taɓa bin jinin barewa har magariba ya rasa ta ba, ya kwana da sanin tana can tana wahala. Gara ka kuskure gaba ɗaya. Shi ya sa maharbi yake matsawa kusa, ya yi bisimilla, ya nemi bayan kafaɗa, in ya tarar da rai ya yanka. Ga dabba kamar barewa ko gada, .243 ya wadatar. Mai girman gwanki ita ce take son .270 ko .308 da dalma mai nauyi, kuma irin waɗannan yanzu sai a gandun daji kamar Yankari, inda farauta haramun ce a doka. Ku kuma lura, dalmar gasa daban take da ta farauta. Ta farauta an yi ta ne ta buɗe a cikin nama ta gama aiki da sauri, ta gasa kuwa huda takarda kawai aka nufa da ita.

Na karanta yadda masu sha'awar abin a Amurka suke sake cika kwansonsu da kansu. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, ɗan maƙyastin da ke gindinsa, albarushi da dalma. Suna auna albarushin da sikeli mai gane kashi ɗaya cikin goma na giren, ba sa ƙetare littafin awon da masana'antu suka buga. A wajensu .308 ya fi sauƙin sha'ani kuma bututunsa ya fi daɗewa, .243 ya fi saurin cinye bututu saboda albarushi mai yawa yana ƙonewa ta ƙaramar kafa, Creedmoor yana tsakani. Mu a nan wannan ƙofar a rufe take, dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati. Kuma ina roƙonku da Allah, ku gaya wa duk mai adaka kada ya fasa harsashin zamani ya zuba garinsa a cikinta. Matsinsa ya ninka na albarushin gargajiya nesa ba kusa ba, bututun fashewa yake yi. Kawu yana da aboki da yatsu uku suka rage masa a hannun hagu ta wannan hanyar. Abin da na ɗauka daga masu sake cika kwanson nan tarbiyyar rubutu ce: canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta rana da iska da sakamako.

Dokar nan ta kuma raba gardamarmu ta wata fuskar. A jadawalinta, bindigogi masu bakin milimita 7.62 da 9 da inci .300 da .303 na soja ne, suna cikin haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ke nan .308 ya faɗa can. Sauran bindigogin wasanni da bindigar iska suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Da halin tsaron da jiharmu take ciki, da abin da ya faru da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, ban ga laifin tsaurin ba, kuma ba na son ɗayanmu ya kusanci abin da ba shi da takarda.

In kun tambaye ni zaɓina a kan takarda, Creedmoor na ba kan gaba don harbin kwali, saboda sauƙin shuri da juriyar iska. Ga mai koyon da zai haɗa da farautar ƙananan dabbobi kuwa .243. Jan biron da na zagaye .270 da .308 da shi na soke shi.

Wata mai zuwa zan koma mita 25 da gwangwani biyu na dalmar iska, ɗaya mai faffaɗan kai, ɗaya mai zagayayyen kai, harbi goma-goma kowace safiya kafin iska ta tashi, sannan goma-goma bayan ta tashi. Ƙyalle uku zan kafa a wannan karon, domin na lura wanda ke kusa da ni yakan kwanta alhali ciyawar da ke gaban kwalin tana rawa. Wanda yake da fili da lasisi a cikinku ya yi irinsa, mu haɗa shafukanmu kafin hunturu ya ɗauke.