Awarwaron Goggo

Yau a babbar kasuwar Garwa wani dillali ya miƙo mana awarwaro ruwan zuma, wai tsohon Bakelite ne, robar nan da aka ƙirƙiro a Amurka a 1907. Goggo ba ta taya ba. Ta goga shi a zaninta har ya yi ɗumi, ta kai hanci. "Ɗana, na asali in ya ji zafi warin magani yake yi. Wannan ko ƙanzo." Ta gwara nata biyu na hannu, ƙwal, ga nauyi. Nasa kuwa sakayau, har da layin haɗi a ciki.

Dillalin ya yi dariya, "Hajiya, na sallama." Ni dai yanzu so nake in ji wa ya saya mata nata.